Fashin Baƙi: Haƙuri ne ke riƙe mutane a lokacin tsanani, ko shi ne ke kashe musu zuciya?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, da wuya a sami kalmar da ta fi yawo a bakunan jama'a kamar "haƙuri". Masu mulki suna roƙon a ƙara haƙuri, limamai suna huɗuba a kan haƙuri, maigida yana ba iyalinsa haƙuri idan kuɗin cefane ya gaza, ita kuma uwargida tana ba yara haƙuri idan tukunya ba ta kai ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai matasan da suka gaji da jin kalmar, har wasunsu na cewa haƙurin ne ya kai talaka inda yake. Tambayar da ta kamata a yi wa fashin baƙi ita ce: mene ne ainihin abin da ake nufi da haƙuri, kuma me ya sa za a ga mutum biyu a unguwa ɗaya, wahala iri ɗaya ta same su, ɗaya ya ci gaba da fita nema, ɗayan kuma zuciyarsa ta mutu?

Irin nauyin da ake magana a kai

Kafin a yi wa kowa nasiha, ya dace a fara auna kayan da ke kansa. Litar man fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 ta zarce naira 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024, yayin da tsadar abinci ta haura kashi 40 a tsakiyar shekarar. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, amma mafi yawan mutanenmu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, saboda haka ƙarin bai shiga aljihunsu ba.

A kan wannan tsada sai wasu masifun suka hau. Manoma a sassan Zamfara, Katsina, Sakkwato da Neja sun kasa zuwa gonakinsu saboda 'yan bindiga, wasu kuma sai sun biya haraji kafin su yi girbi. Juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023 ya jawo rufe iyaka na tsawon watanni, abin da ya durƙusar da ciniki tsakanin Maraɗi da Katsina da kuma tsakanin Ƙonni da Illela, garuruwan da dangi ne a auratayya da kasuwa. A watan Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, garin da bai gama farfaɗowa daga rikicin Boko Haram ba. Duk wanda zai yi maganar ƙwarin gwiwa alhali bai lissafa waɗannan ba, ya raina wahalar mutane.

Kalmomi huɗu da ake cakuɗawa

Rabin rashin fahimtar ya samo asali ne daga yadda muke zuba kalmomi daban-daban a ƙwarya ɗaya. Akwai haƙuri, akwai dangana, akwai tawakkali, sannan akwai mutuwar zuciya, kuma kowanne da gurbinsa.

Haƙuri, kamar yadda malamai suka bayyana shi, shi ne mutum ya riƙe kansa: ya tsare harshensa da hannunsa da zuciyarsa daga abin da zai yi da-na-sani a kai. Sun kasa shi gida uku, wato haƙuri a kan yin biyayya, haƙuri wajen barin saɓo, da haƙuri a kan musiba. Idan aka lura da kyau, biyu daga cikin ukun aiki ne da ke buƙatar tashi tsaye. Ɗalibin da ke karatu da fitilar waya saboda babu wuta yana haƙuri, haka ma ɗan kasuwar da jarinsa ya karye amma ya ƙi tauye mudu. Ko karin maganar da muke yawan kawowa, cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, idan aka yi mata kallon tsanaki za a ga cewa mutumin da ke cikinta dafuwa yake yi: ya nemo itace, ya hura wuta, yana zaune yana gyara ta. Hausawan da suka tsara maganar sun sa wa mai haƙurin aiki a hannu.

Dangana kuwa ita ce karɓar abin da ya riga ya faru wanda babu yadda za a yi a maido da shi, kamar rasuwa ko gobarar da ta cinye shago. Tana da amfani ƙwarai, domin wanda ya kasa dangana yakan ƙare ƙarfinsa wajen kokawa da jiya. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗauko dangana aka ɗora ta a kan abin da har yanzu ake iya gyarawa, kamar ciwon da ke da magani ko haƙƙin da ake iya nema.

Tawakkali shi ne dogaro ga Allah bayan an riƙi sababi, kuma hadisin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali sananne ne ga kowane ɗan Islamiyya. Ni dai babu misalin da ya fi taɓa ni kamar na Nana Hajara, wadda aka bari da jariri a kwarin da babu ruwa, ta yi imani cewa Allah ba zai tozarta su ba, amma duk da haka ta yi ta kai-kawo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai. Wannan kai-kawon ne aka mayar ibada da miliyoyin alhazai ke maimaitawa duk shekara.

Ta huɗun ita ce mutuwar zuciya, kuma ita ce ke ɓuya a rigar sauran ukun. Mai mutuwar zuciya ya daina tsammanin cewa ƙoƙarinsa zai canza wani abu, sai ya zauna, idan aka tambaye shi ya ce yana haƙuri ne ko ya bar wa Allah. Daga nesa yana kama da mai haƙuri, domin dukansu ba sa hayaniya. Bambancin yana fitowa ne da safe, wajen wanda ya tashi da abin yi da wanda ya tashi yana jiran dare.

Akwai kuma wani kuskuren da ya kamata a gyara, wato ɗaukar cewa mai haƙuri ba ya kuka. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙubu wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, kuma shi ne dai aka siffanta da haƙuri mai kyau. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma masana tarihi sun kira shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu shekarar baƙin ciki. Saboda haka mai cewa magidanci ya haɗiye damuwarsa domin namiji ba ya kuka, al'ada yake karewa, kuma bai kamata ya jingina ta ga addini ba.

Yadda zuciya ke mutuwa

Mutanenmu sun saba da wahala, kuma manomin da ke sunkuye a gona tun asuba ba ya buƙatar a koya masa juriya. Abin da ya fi karya mutum shi ne rashin tabbas, da kuma yankewar alaƙa tsakanin ƙoƙari da sakamako. Ɗan tireda ya sayar da katan ɗin taliya da riba, ya koma kasuwar Singa ya tarar kuɗin da ke hannunsa, uwa da riba, ba za su sayi katan ɗin da ya sayar ba. Manomi ya yi noma, ya yi maimai, amfani ya nuna, wasu suka zo da bindiga suka kwashe. Idan irin wannan ya maimaitu sau uku ko huɗu, zuciya takan koyi darasin cewa motsi da zama duk ɗaya ne.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1967 Martin Seligman da Steven Maier a Amurka sun gwada wasu karnuka da aka riƙa azabtarwa da lantarki ta yadda babu abin da za su yi su tsira, kuma daga baya da aka buɗe musu hanyar tsira, da yawansu suka kwanta kawai ba su ko gwada tsallakewa ba. Gwajin ba shi da daɗin ji, amma ya bayyana dalilin da ya sa matashin da ya nemi aiki shekara biyar bai samu ba yakan ƙi ko duba sanarwar da za ta iya yi masa rana. Kiransa malalaci bai warware komai ba, tunda abin da ke damunsa koyonsa ya yi daga abin da ya gani da idonsa.

Talauci kansa yana cin hankali. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan manoman rake a kudancin Indiya ya nuna cewa manomi ɗaya yakan fi kasa warware tambayoyin gwajin basira kafin girbi, lokacin da bashi ya yi masa katutu, fiye da bayan girbi da kuɗi suka shigo. Duk wanda ya taɓa yin sallah yana lissafin kuɗin haya har ya manta raka'a nawa ya yi, ya san wannan ba tare da an kawo masa bincike ba. Ma'anarsa ita ce mai fama da yau ba ya samun sararin tsara gobe, kuma hakan ba alamar ƙarancin hankali ba ce.

Abin da ke riƙe waɗanda ba su faɗi ba

Akwai wani tela a layinmu da na daɗe ina lura da shi. Lokacin da wuta ta zama sai an ga dama, fetur ɗin janareta kuma ya gagara, sai ya ture keken lantarkinsa gefe, ya jawo tsohon keken ƙafa na mahaifinsa ya sa masa mai, ya koma guga da dutsen gawayi. Sabon ɗinki ya ragu domin mutane sun daina yanka shadda sai da Sallah, sai ya rubuta a jikin ƙofa cewa ana gyaran tsofaffin kaya da rage wa yara kayan manya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ko ranar da babu aiki ko ɗaya, ƙarfe takwas ya buɗe shago, ya share, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya zauna a kan keken. Na taɓa tambayarsa amfanin hakan, ya ce da ni, "Malam, ranar da na fara kwana har hantsi, ranar na rufe shagon nan, ko da ƙofar a buɗe take."

Maganarsa ta ƙunshi abin da mutane da yawa suka fahimta a juye. Ana ɗauka cewa sai karsashi ya zo sannan a yi aiki, alhali sau da yawa aikin ne ke jawo karsashin. Ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ma suna amfani da wannan hanya wajen taimakon masu ciwon damuwa, inda ake tsara wa mutum ƙananan ayyuka da zai riƙa yi a kan lokaci ko da ransa ba ya so, har jiki da zuciya su sake sabawa. A rayuwarmu akwai abubuwan da suka riga suka yanka mana yini gida-gida, kamar salloli biyar, ranar kasuwa, makarantar dare da zaman majalisa bayan isha'i, kuma mutum yakan gane darajarsu ne lokacin da duk sauran abubuwa suka rikice.

Abu na biyu shi ne mutum ya rage girman abin da yake kallo. Farashin dala ba ya hannun telan, amma buɗe shago yana hannunsa. Misali mafi girma da na sani a kan wannan ya fito ne daga manoman Maraɗi da Damagaram bayan farin 1984. Hamada ce ke tunkarar su, kuma shirye-shiryen dashen itatuwa da aka kashe wa kuɗi masu yawa galibi ba su yi nasara ba. Sai aka koma ga abin da ake kira sassaben zamani: maimakon manomi ya sare duk tohon da ya fito daga tsofaffin kututture a gonarsa, sai ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bar su, ya riƙa yi musu aski yana kare su daga dabbobi. Aiki ne na wuƙa da gatari, ba ya buƙatar jari. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya kimanin hekta miliyan biyar sun sake samun itatuwa a kudancin Nijar, irin su gawo da ke ƙara wa ƙasa taki ya kuma ba dabbobi abinci. Babu manomi ɗaya da ya tashi da niyyar tare hamada, kowa gonarsa ya duba.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne mutane. Wata mai bincike, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawaii har suka manyanta, ta gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin talauci da rikicin gida sun zama mutanen kirki masu dogaro da kai, kuma abin da ya fi haɗa su shi ne kowannensu ya sami aƙalla babba ɗaya da ya tsaya masa, ko kaka ko malami ko maƙwabci. Kakanninmu da suka tsallake yunwar Kakalaba ta 1914 da farin farkon shekarun 1970 ba da ƙarfin zuciyar mutum ɗaya suka tsallake ba. Akwai gandu, akwai gayya, akwai cin rani, akwai kwanon tuwo da ake miƙawa ta katanga. Har yau adashin mata yana yin abin da ya wuce tara kuɗi, domin mai tuyar awara da ta san uwar adashi za ta aiko yamma tana da dalilin hura wuta, kuma idan ba a ga zubinta ba kwana biyu, za a zo a duba lafiyarta.

Inda aka yi saɓani

Masu sukar kiran haƙuri suna da hujja mai ƙarfi. Suna cewa idan wanda ke tafiya da jerin gwanon motoci ya ce wa mai tafiya a ƙasa ya ƙara haƙuri, kalmar ta tashi daga nasiha ta koma abin toshe baki. Zanga-zangar tsadar rayuwa da aka fara ranar 1 ga Agustan 2024, wadda ta yi zafi a Kano da Kaduna da wasu garuruwan Arewa har aka rasa rayuka aka sa dokar hana fita, ta nuna cewa tura ta kai bango. Masu kare kiran haƙurin kuma suna nuna shagunan da aka fasa da dukiyar talakawa da aka lalata, suna cewa fushin da ba shi da linzami mai shi yake fara ci.

Ni ina ganin duka ɓangarorin biyu sun karɓi fassara ɗaya ta kuskure, wato cewa haƙuri yana nufin yin shiru. Mutum yana iya riƙe hannunsa daga ɓarna, ya kuma buɗe bakinsa ya nemi haƙƙinsa, ya tambayi kansilansa da ɗan majalisarsa inda kuɗin ƙaramar hukuma suka shiga, ya riƙe katin zaɓensa ya ƙi sayar da shi a kan taliya da sabulu. Wannan ma haƙuri ne, kuma ya fi na zama wuya. Shi kuwa shugaba, haƙurin da yake nema bashi ne yake ci, kuma dole ya faɗi ranar biya.

Akwai rukuni na uku da suka cika Facebook da TikTok, masu cewa duk wanda bai yi arziki ba tunaninsa ne ya hana shi. Maganarsu takan ɗaga matashi na yini ɗaya, amma tana barinsa da zargin kansa a kan abin da ba shi ya jawo ba, kuma irin wannan zumuɗin ne ke tura wasu su zuba ɗan jarinsu a harkokin ninka kuɗi na intanet da ke rufewa dare ɗaya.

Lokacin da abin ya zama ciwo

Akwai matakin da nasiha ba ta isa. Idan mutum ya shafe mako biyu ko fiye cikin ƙuncin rai kusan kullum, abin da yake jin daɗinsa da ya fita daga ransa, barci ya ƙaurace masa ko ya yi yawa, abinci ya daina shiga, yana jin shi ba kowa ba ne ko yana fatan mutuwa, to likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa, kuma yana da magani kamar yadda hawan jini ke da shi. A wurinmu ya fi zuwa da siffar ciwon kai, faɗuwar gaba, zafin jiki da "yawan tunani", shi ya sa ake ta shan maganin maleriya da na shawara ba a dace ba. Ce wa irin wannan mutumin imaninsa ne ya yi rauni zalunci ne, kuma yakan sa ya ƙara ɓoyewa. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano da sassan da ke asibitocin koyarwa. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958 wadda ke ɗaukar mai wannan lalura tamkar abin tsarewa. Sai dai ƙwararrun likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne kawai a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, kuma tsoron a ce mutum ya haukace yana hana da yawa zuwa. Wannan giɓin ne ƙwaya ke cikewa. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar 2017, kuma duk wanda ya zauna da masu shan tiramol ko kodin ya san cewa da yawansu sun fara ne domin su iya aikin ƙarfi ko su sami barci.

Abin da ake jin tsoro nan gaba

Haɗarin da ya fi damuna shi ne tsananin yana cinye abubuwan da ake jure tsanani da su. Kuɗin mota ya sa an rage zumunci, wanda da yake zuwa ƙauye duk wata yanzu sai da rasuwa. Adashi yana watsewa idan mutum uku suka kasa zubi. Mai kanti da ke ba da bashi zuwa ƙarshen wata ya rufe littafinsa domin shi ma ba a ba shi. Magidanci yana fita tun asuba ba don yana da wurin zuwa ba, sai don kada a tambaye shi kuɗin cefane, kuma daga nan ake fara saɓanin da ke kai wa ga saki. Yaron da aka cire daga makaranta bana saboda kuɗin jarrabawa, shekara goma masu zuwa shi ne zai rasa abin da zai kama.

Saboda haka duk wani shiri na gwamnati ko na masu hali, ko zakka ce ko wakafi ko tallafin jari, ya kamata a auna shi da tambayar ko ya maido wa mutum abin yi da kuma mutanen da zai jingina da su. Buhun shinkafa yana kashe yunwar mako biyu, kuma mai jin yunwa ba zai raina shi ba. Amma tsaron da zai bar manomin Zurmi ko Batsari ya girbe abin da ya shuka, da wutar da za ta bar mai walda ya cika alƙawarin da ya ɗauka, da ma'aikacin lafiya a asibitin unguwa da aka horar ya gane ciwon damuwa idan mace ta zo tana kukan ciwon kai wata uku, su ne za su sa mutum ya sake ganin cewa idan ya motsa wani abu yana canzawa.